Girgizar ƙasa: masana sun iya ƙidaya ta, amma babu mai sanin ranarta

Ranar Lahadi 5 ga Fabrairun 2023, Christian Atsu, ɗan ƙwallon Gana da ya taɓa taka leda a Newcastle ta Ingila, ya ci wa ƙungiyarsa ta Hatayspor ƙwallon nasara ana dab da tashi daga wasa. Kafin asubar Litinin, da ƙarfe 4:17, ƙasa ta motsa a kudancin Turkiyya da ƙarfin maki 7.8, benen da yake zaune a ciki a birnin Antakya ya kife. Sai bayan kwana 12 aka zaƙulo gawarsa. Shekarunsa 31. Wajen awa tara bayan girgizar farko, wata mai maki 7.5 ta sake afka wa yankin. Waɗanda suka rasu a Turkiyya da Siriya sun haura 50,000.

Ana cikin tonon gawawwaki, wani suna ya zaga duniya ta wayoyin salula: Frank Hoogerbeets, mutumin ƙasar Holan mai bin jeruwar duniyoyi a sararin sama. Kwana uku kafin bala'in ya rubuta a Twitter cewa ko ba daɗe ko ba jima za a yi girgiza mai maki kusan 7.5 a wannan yanki. Miliyoyin mutane suka ce ga wanda ya hango. Tun daga nan duk abin da ya rubuta sai a fassara, a tura wa ƴan uwa, wani sa'in har da ƙarin gishiri.

Mu a Maraɗi da Damagaram da Tawa ƙasa ba ta saba motsa mana ba, damuwarmu ambaliya ce da fari. Sai dai muna da ɗalibai a Rabat da Kazablanka da Aljeriya da Turkiyya, muna da ƴan kasuwa masu zirga-zirgar Santambul, da ƴan bida a Italiya. Dukansu suna kwana a inda ƙasa ke motsi. Idan saƙo ya shigo cewa “gobe za a yi babba”, uwa a gida ba ta barci, shi kuma yaron bai san ko ya kwana a titi ko ya koma ɗaki ba. Don haka yana da kyau a san iya abin da ilimi ya gano, da inda ya tsaya.

Dokar goma-goma

A shekarar 1944 wasu masana biyu a Kaliforniya, Beno Gutenberg da Charles Richter (shi ne mai ma'aunin nan na 1935 da ake ambata a labarai), suka jera girgizar da aka rubuta a yankinsu bisa girma, suka ƙirga. Abin da ya fito mai sauƙi ne har yaron lakwal zai iya riƙe shi: duk lokacin da aka hau maki ɗaya, yawan girgizar yakan ragu kusan sau goma. In a wani yanki an yi girgiza 1,000 masu maki 3 ko fiye a cikin wani lokaci, za a tarar masu maki 4 wajen 100 ne, masu maki 5 wajen 10, mai maki 6 kuwa ɗaya.

An gwada wannan lissafi a Japan, a Cili, a Italiya, a ramukan haƙar zinariya na Afirka ta Kudu, har a ɗakin gwaji inda ake matse dutse sai ya fashe, kuma ya tsaya. Ga duniya baki ɗaya, alƙaluman hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, sun nuna cewa a matsakaiciyar shekara ana samun girgiza ɗaya mai maki 8 ko fiye, wajen 15 masu maki 7 da ɗoriya, sama da 100 masu maki 6, sama da 1,000 masu maki 5. Ƙananan da mutum ba ya ji sai na'ura sun kai miliyoyi.

Makin ma yana yaudarar kunne. Wanda ya ji 6.8 da 7.8 zai ɗauka tazarar kaɗan ce. Alhali kowane maki ɗaya yana nufin ƙarfin da ƙasa ta saki ya ninka kusan sau 32, maki biyu kuwa sau 1,000. Girgizar Maroko ta ranar 8 ga Satumban 2023, wadda ta kashe mutum sama da 2,900 a tsaunukan kudu da Marakesh, maki 6.8 ce. Sai an haɗa irinta wajen 30 kafin a kai ta Turkiyya. Mafi girma da na'ura ta taɓa ɗauka ita ce ta Cili a ranar 22 ga Mayun 1960, mai maki 9.5. (Ƴan jarida har yanzu muna cewa “ma'aunin Richter”, amma tun ƙarshen shekarun 1970 masana sun koma wani ma'auni da ke duba faɗin wurin da ya tsage da nisan da ya zame. An daidaita lambobin su yi kusa da na da, shi ya sa ba a lura.)

To, a cikin waɗannan alƙaluma asirin masu duba na intanet yake. Girgiza mai maki 5 ko fiye tana aukuwa wajen sau huɗu kowace rana a wani wuri a duniya. Mai maki 6, duk kwana biyu ko uku. Mai maki 7, fiye da sau ɗaya a wata. Kai ma in ka zauna a fada kana jiran shayi ka rubuta cewa “cikin makon nan za a yi girgiza mai ƙarfi”, da wuya mako ya ƙare ba ka ci ba. In ka rubuta ɗari, mutane za su tuna ɗayan da ya faɗa daidai su manta sauran. Saƙon Hoogerbeets bai faɗi rana ba, bai faɗi wata ba, bai faɗi shekara ba. Yankin da ya ambata kuwa masana Turkiyya sun daɗe suna nuna shi a taswira, domin babbar tsaga ce ta ratsa shi. Hukumar USGS ta sha faɗa a fili cewa ita da kowane masani ba su taɓa faɗin babbar girgiza tun kafin ta zo ba, da ranarta da wurinta da girmanta, kuma ba ta sa ran iya hakan nan kusa.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ɓawon duniya a fashe yake gida-gida kamar tsohuwar ƙwarya, ɓangarorin suna tafiya santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsirar farce. A bakin da biyu suka haɗu sukan maƙale, matsi ya yi ta taruwa shekaru ɗaruruwa, rana ɗaya wurin ya ɓalle. Ɗauki karan dawa ka riƙa lanƙwasa shi a hankali. Ka san zai karye, ka ma san wajen da zai karye, amma ba za ka iya cewa a wane daƙiƙa ba. Ita tsagar tana kilomita 10 ko 20 a ƙarƙashin ƙasa, inda babu wanda ya taɓa saka ido. Abin da ya fi wahala, ƙarama da babba iri ɗaya suke farawa. Tsagewar takan soma a ɗan wuri. In ta ci karo da abin da ya tare ta, an yi maki 3, in ta zarce kilomita 300 kamar yadda ta yi a Turkiyya, an yi 7.8.

Ƴan rakiya da zagi

Akwai doka ta biyu, wadda ta girmi ta farko da shekara 50. Bayan babbar girgizar da ta auku a tsakiyar Japan a 1891, wani masani mai suna Fusakichi Omori ya riƙa ƙirga ƙananan da ke biyo bayanta, mu kira su ƴan rakiya. A 1894 ya fitar da abin da ya gani: suna raguwa da tsari. In a rana ta farko an yi 100, ta biyu za a yi wajen 50, ta goma wajen 10. Raguwar tana da sauri da farko, daga baya ta koma jan ƙafa na watanni, wani lokaci shekaru.

Abin da mutane kan yi kuskure a nan shi ne, yawansu ne ke raguwa, girmansu bai da tabbas. Dokar goma-goma tana aiki a cikinsu su ma, saboda haka babba na iya faɗowa bayan kowa ya saki jiki. A Hatay, ranar 20 ga Fabrairu, mako biyu cif bayan bala'in, wata mai maki 6.3 ta sake rusa gine-ginen da suka riga suka tsage, ta kashe ƙarin mutane. Shi ya sa hukumomi ke hana shiga gidan da ya tsage ko don ɗauko fasfo da kuɗi.

Wani masani ɗan Suwidin, Markus Båth, ya lura cewa mafi girma a cikin ƴan rakiya yakan gaza uwar girgizar da maki 1.2 a matsakaici. A Turkiyya, minti 11 bayan mai 7.8 sai ga mai 6.7, kamar an auna. Bayan awa tara kuma mai 7.5 ta zo a kan wata tsaga ta kusa, ta nuna cewa matsakaici ba alƙawari ba ne.

Wani sa'in kuma wadda aka ɗauka ita ce babba, ashe zagi ce, sarkin yana tafe. Ranar 9 ga Maris 2011 an yi girgiza mai maki 7 da ɗoriya a tekun arewa maso gabashin Japan. Kwana biyu bayan nan mai maki 9 ta zo, ta taso da igiyar ruwan da ta kashe ko ta ɓatar da mutum sama da 18,000. Matsalar ita ce zagi ba ya sanye da wata riga ta daban, sai bayan babbar ta zo ake gane shi. Abin da ƙidaya ta nuna kawai shi ne, a cikin girgiza 100, wajen biyar ne wata da ta fi su ke biyo bayansu a cikin ƴan kwanaki. Sauran 95 sukan wuce haka nan.

An gwada, ba a yi sake ba

Kada a ɗauka masana ba su yi ƙoƙarin tsayar da rana ba. A shekarun 1970 da dama daga cikinsu sun yi imanin an kusa. A watan Fabrairun 1975 hukumomin ƙasar Sin suka ga ƙananan girgiza sun yi yawa a yankin Haicheng, suka fitar da mutane daga gidaje, kuma da maraicen ranar 4 ga wata mai maki 7.3 ta zo. An ceci rayuka masu yawa, duniya ta yi ta yabo. Shekara ɗaya da rabi bayan nan, ranar 28 ga Yulin 1976, birnin Tangshan ya rushe cikin dare babu wani zagi da ya gabata. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum wajen 242,000 suka mutu.

Labarin Parkfield ya fi koyar da tawali'u. Ƙauye ne a Kaliforniya a kan tsagar San Andreas, inda aka yi girgiza mai maki kusan 6 a 1857, 1881, 1901, 1922, 1934 da 1966, wato kusan duk shekara 22. A 1985 masanan gwamnatin Amurka suka ce akwai yiwuwar kashi 95 cikin 100 ta gaba za ta zo kafin 1993. Suka cika wurin da na'urori, suna jiran su kama alamar da ke zuwa kafin girgiza. 1993 ta wuce shiru. Sai ranar 28 ga Satumban 2004 ta zo, da lattin shekara 11, kuma duk na'urorin nan ba su ga wata alama ta kirki ba kafin ta faɗo. Wurin daidai, girman daidai, lokacin ya kuɓuce.

Tun daga nan aikin ya koma irin na masu hasashen damina. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai takan ce bana akwai yiwuwar ruwa ya fi na kullum a yanki kaza, amma ba ta cewa ranar Talata da la'asar za a yi ruwa a gonar wane. Haka masana girgiza: a 2015 sun ƙiyasta cewa yankin San Faransisko na da yiwuwar kashi 72 cikin 100 na ganin girgiza mai maki 6.7 ko fiye a cikin shekara 30. Da irin wannan ƙiyasi ake zana taswirar haɗari, ake rubuta dokar gini, kamfanonin inshora ke yanka farashi.

Shari'ar L'Aquila

Inda abin ke zafi shi ne lokacin da za a faɗa wa jama'a waɗannan lambobi. A farkon 2009 ƙananan girgiza sun shafe watanni suna damun birnin L'Aquila a tsakiyar Italiya. Ranar 31 ga Maris wani kwamitin masana ya zauna a birnin. A wannan rana wani babban jami'in hukumar kare jama'a ya shaida wa ƴan jarida cewa babu haɗari, wai ƙananan suna rage matsin da ya taru. Ranar 6 ga Afrilu da tsakar dare mai maki 6.3 ta zo, mutum 309 suka mutu. Iyalai sun shaida wa kotu cewa da can in ƙasa ta motsa waje suke kwana, amma a daren sun zauna cikin gida saboda an kwantar musu da hankali. A 2012 kotu ta ɗaure masana shida da jami'in shekara shida-shida. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan, ta bar jami'in da hukunci mai sauƙi.

Maganar “ƙananan suna rage matsi” tana da daɗin ji, kuma har yau ana yaɗa ta duk inda ƙasa ta ɗan motsa. Lissafi ya ƙaryata ta. Don a saki ƙarfin girgiza ɗaya mai maki 6 ana buƙatar masu maki 5 guda 32, ƙasa kuwa goma take bayarwa. Masu maki 4 ana buƙatar 1,000, tana ba da 100. Masu maki 3 ana buƙatar sama da 30,000, tana ba da 1,000. Bashin ba ya biyuwa da canji. Gaskiyar ma akasin haka ce: idan ƙananan suka yi yawa, yiwuwar babba tana hawa.

Sai dai hawan nan ma yana da nasa ciwon kai. Kwamitin ƙasa da ƙasa da Italiya ta kafa bayan bala'in ya nuna cewa a irin wannan hali yiwuwar na iya ninkawa sau ɗari ko fiye, amma duk da haka da wuya ta wuce kashi ɗaya cikin 100 a rana. Wane magajin gari ne zai kwashe mutum 70,000 daga gidajensu cikin sanyi a kan kashi ɗaya? In bai kwashe ba kuma ta zo, wa za a kama? Japan ta gwada tsaka-tsaki a watan Agustan 2024: bayan girgiza mai maki 7.1 a kudancin ƙasar, a karon farko gwamnati ta yi gargaɗin cewa yiwuwar wata gagaruma ta ƙaru, ta ce kowa ya shirya amma a ci gaba da harkoki. Bayan mako guda aka janye gargaɗin, ba abin da ya faru. A ganina wannan ya fi gaskiya da mutunta jama'a: a faɗi lambar yadda take, a bar mutane su auna.

Santambul, Maroko, da mu

Ga wanda ke zaune a Santambul, ga abin da aka sani. Tsagar Arewacin Anatoliya ta riƙa ɓallewa gaɓa-gaɓa daga gabas zuwa yamma: Erzincan a 1939, sai 1942, 1943, 1944, 1957, 1967, har zuwa Izmit a ranar 17 ga Agustan 1999, inda mutum sama da 17,000 suka mutu. Gaɓar da ta rage tana ƙarƙashin tekun Marmara, a bakin birnin da ke ɗauke da mutum sama da miliyan 15. A shekarar 2000 Tom Parsons da abokan aikinsa sun ƙiyasta yiwuwar kashi 62 cikin 100, da ragi ko ƙarin 15, cewa girgiza mai ƙarfi za ta jijjiga birnin cikin shekara 30. In aka raba wannan kwana-kwana, bai kai ɗaya cikin 10,000 a kowace rana ba. Ɗan kasuwar da zai yi mako guda ya sayo kaya bai da dalilin fasa tafiya. Ɗalibin da zai yi shekara biyar a ɗaki guda kuwa, ya kamata ya san irin ginin da yake kwana a ciki.

Wuraren da ƙasa ta daɗe shiru su ne suka fi ruɗar lissafi, don na'urori ba su wuce shekara ɗari da ƴan kai ba, tsagar kuwa tana iya yin shekara dubu kafin ta motsa. Bayan girgizar Maroko, USGS ta ce daga 1900 ba a taɓa samun mai maki 6 ba a cikin kilomita 500 daga wurin, masu maki 5 kuwa guda tara kacal. Mai kallon tarihi zai ce wurin lafiya lau ne. Mai riƙe da dokar goma-goma zai ce inda aka yi tara masu maki 5, mai maki 6 ba ta da nisa.

Afirka ta Yamma ma ba a ba ta takardar kuɓuta ba. Birnin Akra na Gana ya sha girgiza mai maki sama da 6 a watan Yunin 1939. A watan Disamban 1983 wata ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gine. Mazauna unguwar Mpape a Abuja sun ji ƙasa na rawa a watan Satumban 2018. Nijar tana nesa da bakin da ɓangarorin ɓawon duniya ke gogayya, haɗarinta kaɗan ne ƙwarai, kuma duk saƙon da ya ce za a yi girgiza a Yamai rana kaza, a goge shi kawai.

Akwai abu ɗaya da ya yi kama da faɗin gaba, kuma yana aiki: gargaɗin daƙiƙoƙi. Idan tsaga ta ɓalle, kaɗawa iri biyu ke fita. Ta farko mai sauri ce, wajen kilomita 6 a daƙiƙa, ba ta cika ɓarna ba. Ta biyu mai rusa gini tana tafe a baya da kusan rabin wannan gudu. Na'ura na kama ta farko ta aika saƙo, wanda ke nesa ya samu daƙiƙa 10 ko 30 ya durƙusa ƙarƙashin tebur. Meksiko na amfani da wannan tun shekarun 1990, Japan tun 2007, yanzu kuma wayoyin Android na yi a ƙasashe da dama. Ba ya taimakon wanda ke kan tsagar kanta, kuma yana kuskure: a 2025 kamfanin Google ya amsa cewa tsarinsa ya raina girman girgizar Turkiyya, ƙasa da wayoyi 500 ne suka samu gargaɗi mafi ƙarfi. Duk da haka wanda ke can ya kunna shi, kyauta ne. In ya yi ƙara kuma, kada a nufi taga. A girgizar Santambul ta ranar 23 ga Afrilun 2025, mai maki 6.2, sama da mutum 150 sun ji rauni, galibinsu saboda tsalle daga bene cikin firgici.

Sauran magana ta gini ce. A 2010 girgiza mai maki 7 ta kashe mutum fiye da 100,000 a Haiti, gwamnati ma ta ce sun haura 200,000. Bayan mako shida mai maki 8.8, wadda ta ninka ta ƙarfi wajen sau 500, ta afka wa Cili, ƙasar da ke tsananta dokar gini. Waɗanda suka mutu 500 ne da ƴan kai. A Agadir ta Maroko, a 1960, girgizar da ba ta kai maki 6 ba ta kashe wajen mutum 12,000. Mai neman ɗakin haya a Turkiyya ya tambayi shekarar da aka yi ginin, domin waɗanda suka riga 2000 an yi su ne kafin a tsananta doka. Ya leƙa hawan ƙasa ya gani ko an sare ginshiƙai don faɗaɗa shago, ya duba ko akwai tsaga a jikin ginshiƙi da aka shafe da fenti. Sabon gini ma sai an tambaya. Benen da Atsu ya rasu a ciki mai hawa 12 ne, bai wuce shekara goma da ginawa ba, kuma a matsayin gidan alfarma aka sayar da ɗakunansa. Kwanaki kaɗan bayan ya kife, ƴan sanda suka kama ɗan kwangilar da ya gina shi a filin jirgin saman Santambul, yana shirin barin ƙasar.